Bindigar Liyakos Gardikas

Litinin, 1 ga Maris 1971, da hantsi

Yau aka shiga babban azumin da ke kaiwa Ista, wanda ba a cin nama ko nono. Gari duk ya fita bakin rafi da burodi da zaitun da albasa, ni ban je ba. Na share ɗakin ɗana Fotis, na buɗe taga, na sake rufewa. Takalman da yake zagayen garkunan mutane da su suna bayan ƙofa, da taɓon ranar da motar ta zo ta tafi da shi. Ban kankare ba.

Ƙanena Periklis ya shigo riƙe da hularsa. Tun da sojojin da ke mulki suka ba shi sakataren ƙauye, in ya shigo da hula a hannu to aiko shi aka yi. Wai bana shekara ɗari da hamsin da yaƙin ƙwatar 'yanci, za a yi gagarumin biki ran ashirin da biyar ga wata. Wani Manjo zai zo daga birni ya buɗe dutse mai sunan kakan babanmu, Liyakos Gardikas. Suna son bindigarsa da ke rataye a bangona, za a kai ta ɗakin tarihin soja. Suna kuma son in miƙa ta da hannuna, a gaban mai ɗaukar hoto.

Na ce, "Su waye ke so?"

Ya ce, "Yaya, kin san su."

"Masu motar?"

Ya waiga wajen taga. "Don Allah rage murya."

"A ɗakina nake, Periklis. In ba ka iya jin muryata a nan, je ka ofishinka."

Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce kafin in ba da mutum sai na san ko wane ne. Kuma gaskiya ban san shi ba. Tun ina yarinya nake goge bindigar nan, Baba ya bar mini ita don ya ce Periklis sayarwa zai yi, amma abin da na sani game da mai ita bai wuce cewa ya yi yaƙi, kuma yatsunsa takwas ne.

Alhamis, 4 ga Maris, da yamma

Na je birni a bas ɗin safe. Layin nan dai na ƙofar inda suke tsare mutane, bangon nan dai, matan nan dai da ƙunshinsu. Na faɗi sunan Fotis, mai tsaron tagar bai ko ɗago ba, ya ce babu mai wannan suna. Na ce to ka duba da kyau, ni na raɗa masa shi. Na dawo da rigunan da burodin.

Babu labari.

Asabar, 6 ga Maris, da rana

Na sauka wajen Gwaggo Basilo, yayar Baba. Shekarunta casa'in da huɗu, kunne ya tafi, amma bakin yana nan daram. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta taɓa ganin Liyakos da ido. Sai da na yi ihu sau uku ta gane abin da nake tambaya.

"Kakana? Gajere ne, ke yarinya! Gajere, mai faɗa, yana warin akuya da taba. Yanzu malamin makaranta ya zana shi dogo da gashin baki kamar tsintsiya. Ƙarya ce. Ni ya ɗauka a kafaɗa, na ga tsakiyar kansa, ba gashi ko ɗaya."

Ta ce makiyayi ne, awakin ma ba nasa ba. Masu karɓar haraji na Turkawa suka kora garken, mai awakin ya ce shi zai biya. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi 'yan tawaye cikin duwatsu da sanda kawai. Bindigar a hannun gawa ya samo ta, a wani ƙunci tsakanin duwatsu, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Yatsun biyu kuwa lokacin da suka yi wa babban birni ƙawanya ya rasa su.

Na ce ta ba ni labarin ranar da suka ci birnin.

Sai ta ce, "Wannan bai taɓa faɗa ba. In maza suka fara fahariya da ita a shagon gahawa, tashi yake ya tafi wajen dabbobi. Wasu sun dawo da darduma da azurfa, shi ya dawo hannu rabbana. Sau ɗaya ya ce wa babana, abin da aka yi ranar ba yaƙi ba ne. Daga nan bai ƙara ba."

Da zan tafi ta riƙe hannun rigata. "Ina yaron nan mai yi wa tumaki allura? Ya daina zuwa gaishe ni."

Na ce aiki ya yi masa yawa.

Litinin, 8 ga Maris, da safe

Saja Bekyaris na jandarmomi ya zo, wai wucewa yake. Ya tsaya gaban bango yana kallon bindigar, hannu a baya.

"Uwargida Stamata, kin san wannan makami ne mara rajista?"

"Rabon da ta yi harbi tun kafin a haifi kakanka, Saja."

"Doka ba ta san wannan ba. Amma tunda za ki ba ƙasa kyauta, magana ta ƙare."

Na ba shi gahawa don ba a taɓa shiga gidan nan an fita baki bushe ba. Ban sa sukari ba. Ya shanye.

Matar mai shagon magani ta aiko a karɓi yadinta, wai ta fasa ɗinkin. Ita ce ta huɗu. Abin dariya, kayan bikin yaran makaranta kuwa har yanzu ni nake ɗinkawa, don ba mai iya ninkin fustanela, farin siket ɗin nan na mayaƙan da, a gundumar nan sai ni. Keken ɗinkina suna so, gaisuwata ce ba sa so.

Laraba, 10 ga Maris, da yamma

Na tafi ƙauyen Dragoni a ƙafa. Gwaggo ta ce a can zuriyar abokin yaƙinsa suke. Na sami Baba Yerasimos a bakin garkensa, tsoho mai ido ɗaya, yana gyaran ƙararrawar rago. Ina faɗin sunan ya buga cinya.

"Gardikas! Ɓarawon tumaki! Har yau muna bin ku raguna bakwai."

Na ce, "Baba, na zo neman jarumi, ka ba ni ɓarawo."

"Ke kuma da me kike zaton suka ci a kan dutse shekara da shekaru? Da addu'a?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce kakansa ya sha faɗa cewa da aka harbe shi a cinya, Liyakos ne ya goya shi ya hau da shi gidan sufayen coci na Annabi Iliya, yana tafiya yana zaginsa wai ya cika nauyi. Daga baya da namu suka juya wa juna bindiga, manya na rigimar mulki tun ba a gama korar abokan gaba ba, su biyun suka faɗa ɓangare dabam-dabam. Suka daɗe ba sa magana. Da tsufa ya kama su kuma, kowace kasuwar shekara sai an gan su zaune a kututture guda suna zagin juna har rana ta faɗi.

Da na miƙe ya shiga bukka ya fito da cuku a ƙunshe.

Na ce, "Azumi muke, Baba."

"Ba naki ba ne. Bara da ciwon nan ya shigo wa tumaki, ɗanki ya kwana uku a garken nan, ko ficika bai karɓa ba. Ki sa a ruwan gishiri, ba ya lalacewa."

In ban da Gwaggo, shi ne mutum na farko da ya ambace shi a gabana bai waiga ba.

Alhamis, 11 ga Maris, da almuru

Layi. Babu mai wannan suna. Babu labari.

Asabar, 13 ga Maris, da yamma

Na hau gidan sufayen. Gwiwoyina za su daɗe ba su yafe mini ba. Har yanzu akwai ƙanƙara a inuwar duwatsu. Sufi ɗaya ya rage a wurin, Papa-Yowakim, da kyanwoyi sun fi goma.

Ya nuna mini bangon gabas, duk ramukan harsashi, ka sa yatsa ya shige. Ya ce nan mutum arba'in suka tsaya wa rundunar da aka kawo daga Masar, har rijiyar ta ƙafe. Sai suka kwance igiyoyin ƙararrawa suka ɗaure su wuri guda, suka sauka ta bayan dutse ɗaya bayan ɗaya, da masu rauni a goye. Sufaye sun gada daga bakin sufaye cewa na ƙarshe da ya sauka wani gajere ne mai yatsu takwas, ya ɗaure bindigarsa a baya. Na leƙa wurin. Kaina ya juya. Da yatsu takwas!

Papa-Yowakim ya ce zai je ya duba wake a wuta. Ina jin ya gane ne. Ya bar ni ni kaɗai a bakin dutsen, kuma a can, inda ba maƙwabci ba Saja, na yi abin da ban yarda na yi a gida ba. Kwarin ya maido mini da sunan Fotis sau biyu.

Na wanke fuska a tulun sufi, na ci wakensa, na sauko.

Litinin, 15 ga Maris, da rana

An kawo dutsen, yana kwance a harabar coci a lulluɓe. Na ɗaga mayafin. An sassaƙa sunansa, a ƙasa kuma wai ya faɗi a fagen fama a shekarar 1826.

Na tarar da Periklis a ofis.

"Wa ya kashe shi a 1826? In ya mutu a lokacin, wa ya haifi kakanmu? Daga ina ni da kai muka fito, daga ƙwai?"

"Daga birni aka aiko da rubutun, Yaya. Sun ce haka ya fi dacewa."

"Da wa?"

"Dutse ne kawai! Meye naki da dutse?"

Da na gaya wa Gwaggo sai da ta tofa. "Fagen fama? A kan gadonsa ya mutu yana zagin kazar da ta hau masa bargo! Ni na kori kazar."

Laraba, 17 ga Maris, da hantsi

Na kai wa Gwaggo miyar wake. Na tambaye ta abin da ya yi bayan an gama yaƙi. Ta dube ni kamar mai awon yadi.

"Babanku bai gaya muku ba ko? Ai ba zai faɗa ba. Kunya yake ji."

Ga abin da ta ce, na rubuta yadda ta faɗa. Da aka sami ƙasa, aka kawo sarki daga ƙetare da sojojinsa masu hular gashi. Waɗanda suka yi yaƙin aka ce su koma gida, ba gona ba komai, kuma kowa ya kawo bindigarsa ya ajiye. Liyakos ya ce wannan ba su suka ba shi ba. Ya binne ta ƙarƙashin tandar burodi, matarsa ta ci gaba da gashi a kai. Jandarmomi suka zo suka farfasa gidan ba su samu ba. Suka ɗaure shi a jikin itacen da ke dandali, shi wannan da za a kafa rumfar biki a gindinsa, suka yi masa abin da suka yi, bai faɗa ba. Suka kai shi kurkukun kan dutse da ke bisa teku, a birni. Hunturu uku ya yi. Ya dawo ba haƙoran gaba, ya ci abinci, ya rushe tandar, ya rataye ta a bango.

"Ba Turkawa ba ne suka zubar masa da haƙora, ke yarinya. Namu ne. Masu yarenmu, masu gicciye a wuya."

Na dawo gida na zauna gaban bangon. Ban taɓa keke ba yau.

Alhamis, 18 ga Maris, da yamma

Bayan layi na hau kurkukun kan dutsen. Yanzu kango ne, dirakma biyar ake biya, akwai wasu baƙi da gajerun wanduna suna ɗaukar hoto. Na sunkuya na shiga wani rami inda mutum ba ya iya miƙewa. Ban san ko nan aka sa shi ba. Ba wanda ya sani. Na dafa bangon, yana zufa.

Daga saman ganuwa ana hango rufin ginin da nake bin layinsa. Akwai ƙananan tagogi a baya da ba a gani daga titi. Na tsaya inda za a iya ganina, na cire baƙin ɗankwalina na kaɗa shi kamar mai kakkaɓe ƙura. Na daɗe ina kakkaɓewa. Baƙin suka ɗauki hotona.

Lahadi, 21 ga Maris, bayan coci

Periklis ya biyo ni gida. Wannan karon ya zauna.

"Na yi magana da su. Yana da rai, Yaya. Yana nan a birni. In kin miƙa bindigar kin yi murmushi, Manjo ya yi alkawari za ki gan shi washegari. In shi kuma ya sa hannu a 'yar takardar nan tasu ta tuba, kafin Ista yana gida."

Yana da rai. Sai da na dafa tebur.

"Ƙarfe ne da itace," in ji Periklis. "Wancan kuwa ɗanki ne. Ke ba uwa ba ce?"

Na so in mare shi, amma idonsa ya kaɗa. Shi ya koya wa Fotis iyo a rafi. Na ce zan zo bikin, kuma zan zo da ita.

Ya sumbaci goshina ya fita da gudu kamar wanda aka sauke wa kaya.

Talata, 23 ga Maris, da safe

Ƙarfe ne da itace. Ƙarfe ne da itace. Tun jiya nake faɗa wa kaina.

Laraba, 24 ga Maris, da yamma

Na gama fustanela ta ƙarshe. Na jiƙa busasshen kifi na gobe, na ɓare tafarnuwa, na mutum biyu na ɓare ban lura ba. Na sauke bindigar na goge ta da man zaitun. Akwai wuri a gindinta da itacen ya lotsa, daidai inda hannu ke kamawa. Rediyo tun safe sai kiɗan soja.

Asabar, 27 ga Maris, da rana

Yau na dawo gida. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Ranar Alhamis dandali ya cika. Tutoci, yara a jere cikin ɗinkina, 'yan badujala daga birni. An ɗauko Gwaggo a kan kujerarta an ajiye a gaba, don a nuna wa Manjo jikar jarumi. Manjo ya yi dogon jawabi kan yadda su ne magadan mutanen wancan zamani. Aka yaye dutsen. Aka kira sunana.

Na rantse har na taka matakalar rumfar niyyata in miƙa. Ina tafe ina tunanin abin da zan kai wa Fotis gobe. Manjo ya miƙo hannu biyu cikin farar safa, yana murmushi wajen mai hoto. Yaro ne ashe, bai kai Periklis ba. A bayansa ga itacen nan. Ya kama bakin bindigar ya ja.

Hannuna bai buɗe ba.

Ya sake ja, murmushin yana nan. Ya ce a hankali, "Sake mana, Mama."

Ni ba mamarsa ba ce. Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Lasifikar da Manjo ya yi jawabi da ita tana gab da bakina, na ji muryata ta fito daga saman coci.

"Yallaɓai Manjo, mai bindigar nan bai faɗi a fagen fama ba. A jikin itacen nan aka ɗaure shi saboda ita, ya yi hunturu uku a kurkuku, bai bayar ba. Ni ma ba zan bayar ba. Ɗana Fotis yana hannunku. Ina ɗana?"

Dandali ya yi tsit, kana jin tuta na kaɗawa. Mai hoto ya sauke na'urarsa. Manjo yana riƙe da baki, ina riƙe da gindi, ba wanda ya san yadda za a yi. Sai ga muryar Gwaggo, irin ta kurame, har ƙarshen dandali:

"Me ya ce? Ya faɗi inda yaron yake? Ku ce ya ɗaga murya!"

Wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Wani ma ya kama. Manjo ya yi wa 'yan badujala tsawa suka ɓarke da kiɗa kowa da nasa. Saja Bekyaris ya hau rumfa, bai kalli idona ba, ya riƙa ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya. Sai da ya yi gumi.

Sun tafi da ita a mota. Ni kuma kwana biyu a ɗakin baya na ofishin jandarma, tare da buhunan siminti. Tambayarsu ɗaya: wa ya sa ni. Na ce wani gajere mai warin akuya. Suka rubuta, suka ce ina yake zaune.

Matar Saja ta aiko mini da kifi da tafarnuwa a rufe da tawul. Na cinye tas.

Bango yanzu ƙusa biyu ne da farin tabo dogo. Ƙwacewa suka yi. Ban miƙa ba.

Lahadi, 28 ga Maris, da safe

In abin da na yi ya ƙara masa

Ba zan rubuta wannan ba.

Litinin, 29 ga Maris, da yamma

Sun sallami Periklis daga aiki. Ya zo bai ko shigo ba, daga bakin ƙofa yake ihu, yau bai damu da maƙwabta ba.

"Kin huce? 'Ya'ya mata uku gare ni, Stamata! Wa zai kwashe su yanzu? Kin sami dama ki ga ɗanki kin zubar don ki yi jawabi! Liyakos ya mutu tun tuni, shi ba abin da za a ƙara yi masa. Mu ne a raye!"

Game da 'yan matan yana da gaskiya. Amma da za a mayar da ni kan rumfar, ban ga alamar hannun nan zai buɗe ba.

Laraba, 31 ga Maris, da hantsi

Mata na tsallaka titi in sun hango ni. Sai ga Baba Yerasimos tun daga Dragoni a kan jaki. Ya ɗaure shi a ƙofata, ya ce in fito masa da kujera waje, shi ba ya shan gahawa a cikin ɗaki. Ya zauna a bakin titi, daidai inda ake hangowa daga ofishin jandarma, yana kurɓa yana gaida duk mai wucewa da sunansa da na ubansa, har sai mutum ya amsa.

"Jinin ɓarayin tumaki!" yake ce mini. "In kun riƙe abu sai an yanke hannu. Na yafe raguna uku. Saura huɗu."

Na yi dariya. Na ma manta yadda take fita.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da yamma

Layi. Mai tsaron tagar ya ɗago ya dube ni yau. Ya san ni ke nan. Babu labari.

Alhamis, 8 ga Afrilu, da yamma

Sun karɓi ƙunshin. Ban gaskata ba sai da taga ta rufe hannuna ba komai. Can aka sake buɗewa aka turo mini wani, ɗaure da igiya. Rigarsa ce mai ratsin shuɗi da singileti biyu. Matar da ke bayana ta ce, "Riƙe ta, za ta faɗi." Ban faɗi ba.

A bas na rungume shi har gida. Warinsa ne, a ƙarƙashin sauran warin.

Na jiƙa a ruwan sanyi da gishiri. Ruwan farko ya yi ja, na zubar da shi can baya, gindin ɓaure. Na biyu ma haka. Na shanya su a igiyar gaba, inda kowa zai gani.

Alhamis, 15 ga Afrilu, da yamma

Saja ya aiko jiya cewa saboda Ista za a bar iyaye su ga waɗanda za a kai tsibiri. Kowa da kowa, ba alfarmar kowa ba. Da safe na fito na tarar da Periklis a tashar bas. Bai gaishe ni ba. Ya karɓi kwandon daga hannuna, jajayen ƙwai na Ista da burodi da cukun Baba Yerasimos, ya riƙe har birni, ya jira a waje.

Ragar waya biyu ce tsakaninmu, da mai gadi yana kai da kawo. An aske masa kai. Rigar da na kawo makon jiya ta yi masa yawa. In zan yi magana sai ya juyo da kunnen dama.

"Mama, wai da gaske kin yi kokawa da Manjo?"

"Wa ya gaya maka?"

"Su da kansu suka sauko suka ba ni labari, a ranar."

Na dubi kunnen. Ya ga na duba.

"A'a, Mama, kar ki fara. Tun da na shigo nan ban yi dariya ba sai ranar. Da labarin ya zo kan Gwaggo Basilo na kasa riƙewa. Dariyata ce ta ja mini, ba ke ba."

Ƙarya yake ko gaskiya, ban sani ba. Na riƙe wayar da kyau.

Ya matso. "Ba zan sa hannu ba. Kar ki roƙe ni."

"Wa ya ce maka roƙo ya kawo ni? Tsaya sosai, kana dukawa kamar tsoho."

Ya miƙe. Ya tambayi tumakin Yerasimos, ya ce a gaya masa ya canza musu wurin kwana kafin zafi. Ya ce in gaida Kawu Periklis, in ce ya gode. Na fara ba shi labarin igiyar ƙararrawa, ban kai rabi ba mai gadi ya tafa hannu. Yana juyawa ya ce, "Safa, Mama! An ce can iska ba ta tsayawa."

A waje Periklis ya dube ni. Na ce, "Ya ce ya gode." Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana karanta sanarwar da ke manne a wurin.

Litinin, 19 ga Afrilu, da hantsi

Jirgin ruwan da zai kai su tsibiri ya tashi ran Asabar. Ba su faɗi har yaushe ba.

Na sayi ulu mai kauri, toka-toka, wajen matar Yerasimos. Periklis ya shigo da saƙo daga Gwaggo, na ce zauna, miƙo hannu. Har yanzu ba ya mini magana. Yana nan zaune a gabana, hannu biyu a miƙe da zaren a rataye, fuska a murtuke, ya jira na ajiye alƙalami in ci gaba da naɗi.

Da ƙafar hagu zan fara, ita ta fi jin sanyi tun yana ƙarami.